Kada Kunya Ta Sa Ka Ci Man Turnasol

Daga Maijirgi, zuwa ga Magaji, sabon mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Tchaké.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, ka huce gajiyar hanya, rairayin Mayahi bai karya maka ƙugu a bayan mota ba. Allah ya sa ka shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Babanka yana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Gaisuwa ta tsaya nan. In labarin gida kake jira, na gero da awaki da wadda ta haihu, ka kira babanka a salula ya ba ka. Ni ban ɗauki biro da wannan rubutu nawa na yaƙi da jahilci don in ba ka labarin awaki ba. Raina a ɓace yake tun kafin ka tafi, kuma a waya ba ka bari in kai aya, sai "to Inna, to Inna," ka kashe. Wannan karon sai ka ji ni har ƙarshe.

Ka san abin da nake nufi. Jajibirin tafiyarka ne, da muka je gidan Baba Lawali, yayan babanka, don ka yi masa sallama. Ina cikin gida wajen mata sai idona ya faɗa kan wani bido, wato jarkar mai, a jingine bayan murhu, ga hoton furen nan rawaya mai faɗin fuska a jikinsa. Man turnasol ne, man da jikinka ya ƙi tun kana yaro, man da ya taɓa kai ka bakin kabari. Na tambayi matar gidan, ta ce ai shi aka zuba a shinkafa da waken da aka fitar wa maza zaure. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ina isa ƙofar zaure na ji ka da ƙaramar murya kana cewa, "Baba, na ƙoshi." Ka san man kanti suke ci a gidan, shi ya sa ka faɗi haka. Shi kuwa ya ce, "Ƙoshin mi? Tun ba a ba ka albashin hwari ba har ka hi ƙarhin abincin gidanmu? Sa hannu, mushe!" Aka yi dariya. Sai na ga hannunka, Magaji. Na ga ka naɗe hannun riga, ka dunƙula loma tana ƙyalli da mai, ka ɗaga ta.

Ni da ban taɓa tsallaka zauren nan maza na zaune ba, na shiga na buge hannunka, na ɗauke kwanon. Har yau Baba Lawali ba ya amsa gaisuwata. Babanka ya ce na zubar masa da mutunci gaban yayansa. Kai kuma da safe ka ɗauki jakarka kana cin magani, ko ido ba ka haɗa da ni ba. To, ku duka ku yi ta fushinku, ba a jikina yake ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne wannan: a Tchaké wa zai buge hannunka? Na san yadda ake karɓar sabon mushe a ƙauye, don mu ma mun karɓa a nan. Gwauro ne, ba mai girka masa, saboda haka kwano zai fito daga gidan mai gari, wani daga gidan liman, wani daga gidan iyayen yara, kowanne a rufe da faifai, kowanne da zuciya ɗaya aka aiko shi. Ba wanda zai ce maka ga man da aka sa. In yayan babanka ya iya tura maka loma da dariya kawai, mai gari fa?

Kafin ka ce na cika faɗa, bari in fara ta kaina, don a maganar nan ba wanda ya kai ni laifi. Shekarar da gero ya ƙi, kana ƙarami ba ka shiga lakwal ba, gujiya ma ta yi wuya har na jingine sana'ata ta tatsar mai da ƙuli-ƙuli. Aka kawo taimakon abinci gari, cikinsa har da gwangwanayen mai, fari tas, ba ƙauri ba wari. Mu da muka saba da man gujiya mai duhu, sai murna kamar an ba mu kujerar Makka. Na yi dambun zogale na kwarara masa, na zaunar da kai na ce ci ka yi ƙiba. Ba a jima ba leɓɓanka suka kumbura, jikinka ya tashi rudu-rudu kamar wanda ya zauna kan gidan cinnaku, kana susa kana kuka. Kakarka, Allah ya jiƙanta, ta ce iska ce ta buge ka a gindin tsamiya. Aka lulluɓe ka da zane aka turara maka hayaki, kai da numfashi ke yi wa wuya. Da abin ya lafa don kansa, muka ce hayaki ya yi aiki. Da ka warware kuma, don tausayi, na sake yi maka dambun, na ƙara mai fiye da na farko wai ka mai da jiki.

Ka ga wauta? Na zargi iska, na zargi tsamiya, har maƙwabciyarmu Tsahara na zarga, don ta taɓa cewa "yaron ga shina da kyawon ido" ba ta ce tubarkalla ba. Damina guda ina amsa gaisuwar matar nan a daƙile. Gwangwanin kuwa yana gabana kullum, ban taɓa yi masa kallon mai laifi ba, don a ganina abin da hannun uwa ya zuba ba ya cutarwa. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka duk ranar da ka ji leɓenka na ƙaiƙayi, ko harshenka ya yi nauyi, ko maƙogwaronka ya fara matsewa, kada ka tsaya neman wanda ya yi maka baki. Ka tambayi kanka me ya shiga bakinka, ka tashi. Za a samu mai cewa a kawo garwashi, da mai cewa a jiƙa sassaƙe, duk da kyakkyawar niyya. Kada ka zauna musu. Addu'a kam a yi ta, ni ma ina yi, amma a yi ta ana tafiya gidan likita.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na garin Hawandawaki, kuma ban taɓa ba ka labarinsa yadda yake ba. Suna muka je a dangin babanka. Kai ne ɗana na fari, ka kuwa san yadda aka rene mu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa gaban surukai, ba ta nuna ta san da shi. Sunanka na yanka har yau bai fito bakina ba. An soya fanke an rarraba wa yara, kai ma ka karɓa. Ina zaune tsakiyar mata, ga gwaggonnin babanka jere a tabarma, sai ga ka ka zo ka kama bakin zanena, hannunka ɗaya a wuya, kana buɗe baki magana ba ta fita. Na gan ka sarai. Na ga idonka ya yi ja, na ji numfashinka na fito. Ka san abin da na yi? Na kau da kai na ce, "Ku ɗauke mini yaron ga, ya dame ni." Wata tsohuwa har ta yaba, ta ce, "Ɗiyar ga ta san kunya, an yi mata tarbiyya." Na ji daɗin yabon, Magaji, Allah shi ne shaida. Yabon bai gama shiga kunnena ba ka faɗi.

Tsahara da ta rako mu sunan ce ta sure ka, ita da na yi damina ina hararar ta. Ta fita da gudu ba mayafi tana kiran babanka, aka ɗora ka a amalanken jaki. Ni kuma sai a lokacin kunyar ta sake ni, na bi amalanken a ƙasa cikin rairayi ina ihu kamar mahaukaciya, ban san inda takalmana suka faɗi ba. Da muka isa, majo, babban ma'aikacin gidan likitan, bai tsaya tambayar komai ba sai da ya yi maka allura, ya tsaya kanka har numfashinka ya dawo. Sannan ya juyo ya ce, "Mi ya ci? Da wane mai anka soya shi?" Ya sa aka koma aka ɗauko gwangwanin man da aka soya fanken da shi, ya tambaye ni ko ka taɓa yin haka, na ba shi labarin dambu. Ya tura mu babban asibiti, can ma lokotoro, wato babban likita, ya faɗi abin da majo ya faɗa. Da bakin lakwal suna kiran abin alerji. Wai jikinka ne ya ɗauki man furen nan abokin gaba, duk sa'ad da ya shiga sai jikin ya tashi yaƙi, yaƙin kuma kai yake ci. Ba maganin da zai raba ka da shi, sai dai ka raba kanka da man.

Tun ranar na yi wa kunyar ɗan fari saki uku. Dangin babanka sun yi ta tsegumi, wai ina jan ɗana a jiki kamar matar Nasara. Su faɗa. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne sauri. Ciwonka ba ya jiran a gama gaisawa. Kafin ka san inda mai shayi yake a Tchaké, ka san inda gidan likita yake, ka je da ƙafarka ka gaida majon wurin, ka nuna masa takardar lokotoro, ka tambaye shi ko yana da allurar nan a ajiye, in ba shi da ita me za a yi. Ka san mai babur ɗaya da za a iya kira ko da tsakar rana ana zuga zafi. Ƙwayoyin da ke cikin jakarka na ƙaiƙayi ne da borin jini, lokotoro ya faɗa da bakinsa, ba sa buɗe maƙogwaron da ya rufe. Kada ka haɗiye su ka kwanta kana cewa bari mu gani. Ni na taɓa cewa bari mu gani, na kuwa gani.

Za ka ce ai daga nan na yi hankali. Ina fa! Akwai ranar da na tatsi man gujiya da hannuna, mai kyau, na rasa abin zubawa, sai na aro bido a maƙwabta. Ka san mu ba ma yar da bido, yau na mai ne, gobe na ruwa, jibi na kalanzir. Na ɗauraye shi da ruwan randa sau ɗaya na zuba maina. Ni da na tsufa cikin mai, na fi kowa sanin ruwan sanyi ba ya wanke maiƙo, amma gaggawa ta rufe mini ido. Ranar Allah ya taƙaita, kumburin baki ne kawai da borin jini. Na zauna na rasa wanda zan yi wa faɗa, don man nawa ne, tukunyar tawa ce, hannun ma nawa ne. Shi ya sa bidon da na ba direban motar kasuwa ya kawo maka tare da takardar nan sabo ne fil, ba abin da ya taɓa shiga cikinsa sai man gujiyar bana da na tatsa da kaina. Kada ka ba kowa aronsa, kada ka juye man a wata kwalba da ba ka san tarihinta ba. Haka tukunya, haka ludayi, haka kaskon suya.

Man kasuwa kuwa, Allah ya isa tsakanina da masu gauraye. Ka je kasuwar Tasawa ka ga kwalabe jere a rana, kowace mai sayarwa tana rantsuwa, "Wallahi na gujiya ne zalla, ni na tatse shi." Wasu gaskiya suke faɗa. Wasu kuwa sun ɗauki na kanti mai araha sun tsiyaya cikin na gujiya don ya yi auki, ƙamshin gujiya ya rufe asiri. A wurinsu dabarar kasuwa ce, a wurinka kuwa likkafani ne. Ni 'yar sana'ar ce, na san mu, kada ka yarda da rantsuwar mai kwalba. Mai ƙosai ta bakin lakwal, ko ta ce da na gujiya take suya, ka tambaye ta abin da ta ƙara a kaskon da mai ya ja baya. Mai tsire yana shafa mai da gashin kaza, bai ma san sunan man ba. Burodin mai shayi da ake lafta wa mayonez, kifin gwangwani, biskit, har man shafawa na kanti, duk ka juya bayansu ka karanta. Ai don karatu muka sayar da tunkiya muka kai ka Maraɗi. In an rubuta man tsirrai kawai ba a faɗi wane tsiro ba, ajiye musu kayansu. Man gujiya na gaskiya, man ja, man shanu, man riɗi, duk Allah ya halatta wa cikinka, ba za ka mutu da yunwa ba.

Yanzu ga babban kuskurena, wanda ya kai hannunka cikin kwanon Baba Lawali. Da muka dawo daga asibiti, kakarka ta kira ni da babanka ɗaki ta ce, "Maganar ga ta tsaya nan. In duniya ta ji, za a ce yaron mai lalura ne, wa za shi ba shi ɗiya? Kuma kun nuna ma maƙiyi ƙohwa." Babanka ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne. Sai na zaunar da kai, yaro ƙarami, na koya maka ƙarya da bakina. In an ba ka abinci a wani gida ka ce ka ƙoshi. In an matsa ka ce cikinka ke ciwo. Da ka girma har azumin nafila ka riƙa ƙirƙira, ina ji ina yin shiru. Mutanen da suka ga abin da ya faru a Hawandawaki suka tafi da cewa iska ce, muka bar su a haka.

Me ɓoyon ya saya mana? Suna dai ya saya maka. Magaji mai girman kai, Magaji mai tsirfa, Magajin da ba ya cin abincin kowa sai na uwarsa. Na ji da kunnena a gidan biki, na haɗiye. Abin da ban gane ba sai ranar zauren nan shi ne, "na ƙoshi" ba ƙi ba ne a wurinmu. Kowane baƙo mai ladabi da "na ƙoshi" yake farawa, kowane mai gida na kirki kuma aikinsa ne ya matsa. "Ko loma guda." "Don albarka." "Ba ka ci don yunwa, ci don zumunci." Haka aka koya mana duka, mai gidan da ya ji "na ƙoshi" ya ɗauke kwano ma marowaci ake kiransa. Ashe shekara da shekaru makamin da na ba ka ka kare ranka da shi, shi ne kalmar da ke kiran a ƙara tura maka kwano. Da yaro ne kai kana iya gudu waje. Yanzu da kake babba mai riga, zaune gaban manya, ina za ka gudu? Laifina ne, na ɗauka, ba na raba shi da kowa.

Amma kada Baba Lawali ya ji haka ya ce ya fita. Da na ɗauke kwanon ai na faɗa masa gaskiya tsaf, gaban kowa, na ce man nan kashe ka yake yi. Ka ji abin da ya ce? "Wace irin cuta ce wagga? Mu a zamaninmu ba mu san ta ba. Cutar 'yan lakwal ce. A dinga ba shi kaɗan-kaɗan, shi saba." Kai jama'a! A zamaninsu man furen ma ya zo ƙasar nan ne? Kuma a zamanin nasu yara nawa aka rufe aka ce iska ce, aka share hawaye aka koma gona? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi bai bi amalanke ba takalmi ba. Irinsa za ka tarar a kowane gari, masu ilimin da ba a tambaye su ba. Har akwai wadda za ta ɗiga maka man a ɓoye don ta nuna wa duniya iyayi ne kawai kake yi. Maganar kaɗan-kaɗan ɗin nan na taɓa kai wa lokotoro, don ni ma an hure mini kunne da ita. Ya ce kada in kuskura, abin da ya tsaya a kumburin leɓe yau yana iya rufe maƙoshi gobe. Duk wanda ya ce ka gwada, ka ce ya fara gwada cizon maciji kaɗan-kaɗan ya saba.

To ga abin da nake so ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ka ɗauki bidon ka tafi ƙofar mai gari. Kada ka jira kwano ya zo sannan ka fara kame-kame, in kuwa sun riga sun fara zuwa to ka makara, ka yi sauri. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka yi godiya, sannan ka buɗe baki ka ce, "Ranka shi daɗe, ina da lalura. Man kanti mai hoton hure in na ci numhwashina ɗaukewa shikai, an taɓa kai ni likita rai ga hannun Allah. Ga man gujiya na taho da shi." Ka faɗe shi da muryar da kake karantar da yara, ba da wadda na ji a zaure ba. Ka nemi izini a kira maka wadda ke riƙe da tukunyar gidan, don mai gari bai san abin da ke cikin miyarsa ba, kamar yadda babanka bai san na tasa ba. Ita za ka yi wa bayanin kasko da ludayi. Mace in ta ji ran ɗan wani ne a hannunta, za ta kiyaye fiye da yadda kake zato. In gida ɗaya ya ɗauki girkinka, sauran ka roƙe su su aiko da fura ko ɗanyen hatsi, zumunci bai ragu ba.

Ka faɗa wa diraktan lakwal, ka faɗa wa abokan aikinka, har yaran ajinka ka faɗa wa. In ka faɗi gaban allo, su ne a wurin, ya kamata su san inda za su ruga da abin da za su ce. Kuma kada ka yi dabarar nan da na san tana ranka, ta karɓar kwano da godiya a juye wa wasu a mai da shi a wanke. Yau ka juye, gobe ka juye, ran nan mai kwanon zai biyo kwanonsa ya zauna ya ce ku ci tare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara su sani yau kana tsaye da ƙafafunka.

Maganar aure da kakarka ta ji tsoro, ka bar ta. Duk gidan da zai hana ka 'ya don ba ka cin man kanti, Allah ya raba ka da wahala. Wadda za ta zauna da kai ma sai ta ji wannan karatu daga bakina kafin a shafa fatiha, ko tana so ko ba ta so.

Na san abin da ke cin ranka, don ni na haife ka. Kana tsoron a ce sabon mushe ba shi da kunya, ya zo garin mutane yana zaɓen abinci, an ba shi ya ƙi. Za a faɗa kuwa, kada ka yi shakka. Wata za ta riƙe haɓa ta ce, "Wace ce uwar yaron ga? Ba ta kwaɓe shi ba?" In sun tambaya ka faɗa musu sunana da na garinmu. Ka ce Rabi ce mai ƙuli-ƙuli ta Maijirgi, ita ta hana ka, ita ce marar kunyar. Na yafe maka wannan rashin kunya duniya da lahira, wanda ba zan yafe ba shi ne ka ci don kada ran wani ya ɓaci. Ran da ya ɓaci yana gyaruwa da goro da ban haƙuri. Ni gara a yi shekara ana zagina a Tchaké da a cika mini gida kwana uku ana yi mini gaisuwa, ana cewa yaron kirki ne, ga ladabi, ba ya mai da hannun kyauta baya.

Allah ya tsare mini kai, Magaji, a zaune da tafe. Ya tsare bakinka daga abin da zai cuce ka, ya buɗe shi a inda ya kamata ka yi magana. Ya sanya albarka a aikinka da yaran da aka damƙa maka, ya sa mutanen garin su riƙe ka amana. Allah ya dawo mini da kai hutu da ƙafafunka, ko da har lokacin fushi kake yi da ni. Amin.

Wassalam.

Ni ce innarka,
Rabi